Ba a Gyara wa Malam Awo

Guangzhou, Yuni 2008

Zuwa ga Baffana, Malam Muntari, Soron Ɗinki, Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Gwaggo Turai da duk mutanen gida. Yaya kunnen? Ina fatan ana ɗiga maganin a kan lokaci. Mu nan lafiya lau, sai zafi mai danƙo, irin wanda mutum zai fito daga wanka ya ji yana neman wani wankan. Yaya Ummu Salma ta warware sarai daga jego. Khalil ya fara zama, kuma ya hana ni karatun jarrabawar shiga jami'a, sai ya yi barci nake buɗe littafi.

Baffa, na san ba ka jin magana ta waya, kuma na san ba ka rubuta wa Yaya Zayyad takarda saboda shi ne ɗanka na fari. Shi ya sa ranar da zan taho taya yayata raino ka ce in riƙa ba ka labarin gidan. To akwai labari, kuma na daɗe ina juya biro kafin in fara.

Ka sha tambayata abin da yake yi shekara biyar a jami'ar nan. Yanzu na ɗan gane, domin ni nake jera masa hotunan aikinsa. A cikin kowace waya da kwamfuta akwai wata 'yar ƙwayar lantarki da ba ta kai farcen yatsa ba. A kanta an gina 'yan katangu jere-jere, siraran da ko dubu aka haɗa da ƙyar su kai kaurin gashi ɗaya. Ba a iya sa musu tef. Sai dai a ɗauki hotonsu daga sama da wata na'ura mai ƙara girma, a yi awon a jikin hoton. Idan katanga ta wuce kima ko ta gaza, ƙwayar ta lalace, masana'anta ta yi asara. Yaya Zayyad ya gano wata sabuwar hanya ta yin wannan awo.

Jami'a ta kai aikin wani ofishi a Beijing don a ba shi takardar mallaka, wato shaidar cewa shi ya fara ƙirƙiro dabarar. A sashensu sai da irin wannan shaida ake ba mutum digirin dakta, shi kuma duk ƙarfinsa a kanta ya zuba. A ofishin akwai ma'aikaci mai dubawa, wanda aikinsa shi ne ya binciko ko wani ya riga ka.

Makon jiya amsar mai dubawa ta iso. Tun ranar Yaya Zayyad ba ya cin abinci sosai. Yaya Ummu ta yi masa dambu da zogalen da ya rage, ya ɗan taɓa ya rufe. Abin da zan iya faɗa shi ne an sami saɓani tsakanin aikinsa da na malaminsa, Farfesa Luo, har maganar ta kai gaban hukuma, an ba shi wata huɗu ya kare kansa. Ni dai ba hurumina ba ne, kuma ina jin nauyin zurfafawa a maganar manya. Don Allah Baffa ka sa baki. Maganarka kaɗai yake ji.

Zan ba Alhaji Shitu wannan takarda, ya gama haɗa kayansa daga kasuwar Canaan, jibi zai tashi. A gaida Gwaggo, a ce mata daddawarmu ta ƙare.

'Yarka mai biyayya,
Surayya

*

Kano, Yuli 2008

Zuwa ga 'yata Surayya.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, muna lafiya, kunne yana nan yadda kika bar shi. Gwaggonki ta ba Alhaji Shitu daddawa da kuka da yaji, ya ce idan bai sami biza ba zai ba wani ya kawo.

Na karanta maganarki na maimaita, ban ji daɗi ba. Yaron nan ya bar gida ya ƙetare duniya don neman ilimi, shi ne zai ɓuge da jayayya da malaminsa har gaban hukuma? A ƙasar mutane? Ni tun ban kai tsayin teburi ba nake zaune a gaban Malam Isufu ina koyon ɗinkin riga, har Allah ya ɗauki ransa ban taɓa ce masa Malam nan ka karkace ba. Idan allurarsa ta bi wata hanya, ita ce hanya. Abin da nake ci yau albarkarsa ce.

Ki sami mijin yayarki ki karanta masa wannan yadda na rubuta, kada ki rage kada ki ƙara. Ya janye. Ya je ya ba malaminsa haƙuri, ya bar masa duk abin da ake ja a kai. Takardar Beijing ba ta kai albarkar malami ba, kuma wanda ya tsinka igiyar da ta ja shi daga rijiya, shi ya san inda zai faɗa. Ban yarda ya sa hannu a wata takarda da za ta taɓa mutuncin mutumin nan ba.

Ke kuma ki riƙe karatunki. Allah ya yi muku albarka.

Baffanki,
Muntari

*

Guangzhou, Agusta 2008

Zuwa ga Baffana.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan damina ta yi kyau kuma soron bai yi yoyo ba. Saƙon Gwaggo ya iso, mun gode. Khalil ya yi zazzaɓin haƙori amma ya sauka.

Baffa, na yi abin da ka ce. Na durƙusa a falo na karanta masa. Da na gama sai ya yi ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi, dama abin da ke ransa ke nan, ga shi umarni ya zo daga gida. Ya tattara takardun ya ɗora a kan sif. Ranar ya ci abinci har da ƙari. Yaya Ummu ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ni kuwa na ji kamar in ciji yatsana, domin kewaye-kewayen da na yi a takardata ne ya jawo. Na ce ka sa baki, ban ce ta wane ɓangare ba. Yau zan faɗa a fili, ka gafarce ni.

Babu shari'a, babu faɗa. Farfesa Luo bai ma san da maganar ba. Abin da ya faru, mai dubawa ya binciko wata tsohuwar dabarar awo da Farfesa ya yi wa rajista shekarun baya, ya ce ta Yaya Zayyad ita ce dai aka ɗan taɓa, duk mai sana'ar zai iya kaiwa gare ta. Abin da ake nema kawai shi ne ya rubuta ya nuna bambanci.

Kuma akwai bambanci. Ka dubi katangar gidanmu ta ƙasa, faffaɗa a gindi, siririya a kai. Dabarar Farfesa ta ɗauka kowace katanga a miƙe take sambal, idan ka auna kanta ka auna gindinta. Ta Yaya Zayyad tana duba yadda haske yake dushewa a gefen katangar a cikin hoton, daga nan ta gane yadda ta gangara, ta fitar da faɗin gindin. Ka yi haƙuri da misalin, amma kamar ka auna kafaɗar mutum ne ka yanka masa riga ba ka dubi tumbinsa ba. To don ya nuna bambancin, dole ya rubuta cewa awon malaminsa yana kuskure a duk inda katanga ta gangara. Yana da hotunan da suka tabbatar. Ni na jera su da hannuna. Wannan jimlar ce ya kasa rubutawa.

Akwai wata mata, Madam Pan, ita ke bi wa jami'a irin waɗannan takardu. Ta zo har gida, ta tuɓe takalmi, ta ƙi zoɓo ta ce ruwan zafi take so. Ta ce masa kusan kowa a karon farko ƙi ake yi, kamar ka shiga shago a Canaan lawban, mai shagon ke nan, ya ce maka meyo, wato babu, alhali kayan suna bayansa. Ba wanda yake juyawa ya tafi gida don wannan. Ta ce ba a ce ya zagi malaminsa ba, lamba aka ce ya faɗa. Shi kuwa ya ce da ita:

"Mutumin da ya ɗauke ni lokacin da wasu suka ƙi ni, ya ƙi sa sunansa a aikina ya ce nawa ne ni kaɗai, ga shi girgizar ƙasar nan ta Sichuan ta cinye masa ƙane da 'ya'yan ƙane, bai gama makoki ba. Shi zan rubuta wa hukuma in ce awonsa ba daidai ba ne? Da hannuna?"

Madam Pan ta ce ita ma saboda makokin ne ba ta tunkari Farfesa ba, tana jiran Yaya ya gaya masa da kansa. Ta bar kofinta ba ta shanye ba.

Baffa, idan tsakiyar Oktoba ta wuce bai amsa ba, za a ɗauka ya janye. Kuma tun da ofishin ya riga ya buga dabarar kowa ya gani, ba a sake shigar da ita, kowa zai iya ɗauka ya yi amfani. Babu digiri. Bizarsa ta karatu a Janairu za ta ƙare. Zai dawo Kano da akwatin hotuna.

Ina roƙonka ka sake rubutowa, ka ce ya amsa. Na san ban isa in ce ka canja magana ba, amma a kan rabin labari ka yi ta, kuma ni na ba ka rabin.

Garin ya rikice da wasannin Olamfik duk da a Beijing ake yi. 'Yan sanda suna tsayar da baƙi a unguwar Sanyuanli suna duba fasfo, Canaan ta yi tsit, an hana su Alhaji Shitu biza. Da ƙyar na sami wata Hajiya Zeinabou 'yar Damagaram da za ta koma, ta ce idan ta isa za ta sa a motar Kano.

'Yarka,
Surayya

*

Guangzhou, tsakiyar azumi, Satumba 2008

Baffa,

Assalamu alaikum, ina yi muku barka da shan ruwa. Muna lafiya.

Shiru dai. Duk Juma'a ni da Yaya Ummu sai mun leƙa Canaan mun tambaya ko wani ya zo daga Kano da takarda, har wani mai shagon yadi yana ganinmu yake ɗaga hannu ya ce meyo tun ba mu buɗe baki ba. Ban sani ba ko tawa ce ba ta isa ba, ko ta isa ka yi fushi da ni ne.

Farfesa ya dawo aiki daga makoki. Makon jiya aka yi ranar malamai a nan, Yaya Zayyad ya kai masa kwalin kek irin wanda suke raba wa juna a wannan wata. Muka ce yau dai za a yi maganar. Ya dawo bayan la'asar, Yaya Ummu ta tambaye shi, ya ce sun tattauna a kan ruwan sama da tsadar naman shanu, kuma mutumin ya rame ƙwarai. Shi ke nan. Takardun suna nan a kan sif, har ƙura ta hau su, ni nake gogewa.

Na yi niyyar yi masa magana da kaina. Na shirya abin da zan faɗa tun ina soya ƙosai. Bayan an sha ruwa na je na tsaya a ƙofar falo, ya ɗago ya ce mene ne Surayya, sai na ji bakina yana tambaya ko a ƙaro kunu. Ya ce a ƙaro. Na koma kicin na yi kuka a kan tukunya.

Kowa a gidan nan yana jin nauyin wani, shi yana jin nauyin malaminsa, Madam Pan tana jin nauyin mai makoki, yayata tana jin nauyin mijinta, ni ina jin nauyin kowa. Wata kuwa yana tafiya, shi ba ya jin nauyin kowa.

Wani ɗalibi ɗan Katsina zai je gida Sallah, shi zan ba. Don Allah Baffa, ko layi ɗaya.

Surayya

*

Guangzhou, Oktoba 2008

Zuwa ga Baffana.

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya ta jiki. Na yi wani abu wanda ya saɓa wa umarninka, gara ka ji daga gare ni.

Sallar bana ta zo daidai da hutun ƙasarsu. Yaya Ummu ta yi waina da miyar taushe, gidan ya cika da ɗalibai 'yan Kano da 'yan Maraɗi. Da aka zo rabon abinci ga maƙwabta, Yaya Zayyad ya ce ba zai bar baƙi ba, in kai wa Farfesa nasa a gidajen malamai. Yayata ta ɗaure kular da ɗankwali, ta miƙo min, ta daɗe tana kallona.

Farfesa ne ya buɗe ƙofar da kansa. Ta bayansa na hango hoton ƙanensa a bango, an ajiye lemo a ƙarƙashi. Na miƙa kula, na ce daga gidan Zayyad, ya ce shiyeshiye, wato na gode, ya rufe. Na sauka har ƙasan bene. Na tsaya a gindin wata bishiya. Sai na tuna akwatin hotuna, na koma na sake ƙwanƙwasawa.

Ban kalli fuskarsa ba, silifas ɗinsa na yi wa magana, da Turancin makaranta. Na ce mai dubawa ya ce aikin yayana ɗaya ne da naka, kuma ba ɗaya ba ne. Na ce naka yana kuskure idan katanga ta gangara, yana da hotuna, amma ya ƙi rubutawa saboda girmanka, kuma lokaci zai ƙare a wannan wata. Na faɗa da sauri don kada muryata ta gudu ta bar ni.

Da farko na zaci bai fahimci Turancina ba. Sannan ya ce, "Shi ya aiko ki?"

Na ce, "Abincin kaɗai aka aiko ni da shi."

Ya tuɓe silifas ya sa takalmi. Muka hau tasi zuwa gida.

Da muka shiga falo hira ta tsaya cak. Yaya Zayyad ya miƙe da waina a hannu, ya dubi malaminsa, ya dube ni, ya gane. Baƙi suka fara tuna cewa suna da wasu gidajen da za su je. Farfesa ya ce a kawo hotunan. Ni na hau kujera na sauko da su daga kan sif.

Baffa, a zuciyata na ɗauka zai yi dariya ya ce dama ya sani, a rabu lafiya kamar a tatsuniya. Bai sani ba. Ya ɗaga tabarau ya kafa a goshi, ya sa hoto kusa da idonsa, ya ce a buɗe kwamfuta ya maimaita awon da kansa, da tasa dabarar sannan da ta Yaya. Ya sake da wani hoton. Ina kallon wuyansa yana yin ja. Ya ce a hankali, kamar da kansa yake, akwai masana'antu da suke aiki da awonsa har yau. Sai ya tambayi Yaya tun yaushe ya sani. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce shekara biyu.

Farfesa ya ce, "Shekara biyu kana zaune a ajina ina koya wa yara kuskure, kana tashi kana zuba min shayi."

Yaya ya fara ba da haƙuri, ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Ka rubuta. A fili za ka rubuta, mai dubawa bai san kara ba." Yayata ta kawo masa ruwan zafi bai sha ba, ya fita, ya hana a raka shi.

Yaya Zayyad ya rubuta amsar. Ya fara da shafi biyu na yabon malaminsa, Madam Pan ta soke su duka ta ce ofishin ba gidan biki ba ne. An aika kafin lokaci ya cika. Yanzu sai jira.

Amma gidan ba daɗi. Farfesa bai sake kiran Yaya ofis ba, ko sun haɗu a hanya kai kawai yake gyaɗawa. Kularmu ma tana can. Yaya Zayyad kuwa tun ranar idan na gaishe shi sai ya ce lafiya yana kallon bango, idan yana son abu yayata yake gaya wa ta gaya min. Ya ce mata na tsallake shi, na tsallake mahaifinsa, na karya zuciyar mai makoki a ranar Sallah. Duk gaskiya ne. Na kwana ina tambayar kaina ko da an mayar da ni gindin bishiyar nan zan wuce gida, kuma ban ji zan wuce ba. Wannan ma ka gafarce ni.

'Yarka,
Surayya

*

Kano, Nuwamba 2008

Zuwa ga 'yata Surayya.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Takardunki uku kusan tare suka iso. Ta hannun Hajiyar Damagaram ta yi zamanta a cikin dilar atamfa sai da aka kwance aka gan ta. Ba fushi na yi ba, ban sani ba ne.

Abin da kika yi rashin kunya ne. Yarinya ta koma ta sake ƙwanƙwasa ƙofar dattijo ta gaya masa aikinsa ya karkace, a gidanmu ba a taɓa yi ba, kuma kada ki mayar da shi ɗabi'a. Gwaggonki ta ce ba ta yarda ba, wai ke da ko kuɗin cefane ba kya iya tambaya sai kin ɓuya a bayan labule.

Amma misalinki na tumbi ya shige ni. Ni ma awon kafaɗa kika aiko min, na yanka riga a kai, na aika aka sa wa mutum ta shaƙe shi. Da na tambayi mai rigar da kaina da ba a yi haka ba. Na zauna na yi tunani, na ga duk dogon zagayen nan an yi shi ne don ni ba na rubuta masa.

Saboda haka wannan ki karanta masa.

Zayyad, na janye maganata ta farko. Ka tsaya a kan awonka idan shi ne daidai, ka kuma ci gaba da gaida malaminka ko bai amsa ba, zafin gyara yana hucewa. Ƙanwarka ta ɗauki kayan da ni da kai muka kasa ɗauka. Ka amsa gaisuwarta.

Gwaggonki ta leƙo ta ga abin da na rubuta ta toshe baki. Allah ya yi muku albarka.

Baffanki,
Muntari

*

Guangzhou, Disamba 2008

Zuwa ga Baffana.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sanyi ya shigo, Khalil yana rarrafe yana jan duk abin da ya samu. An fara ba 'yan kasuwa biza, Alhaji Shitu ya dawo yana ta faɗa a kan kwantenarsa da ta makale a tashar jiragen ruwa ta Nansha.

Na durƙusa na karanta masa. Da na zo wurin sunan sai na sarƙe, domin ban taɓa jin sa daga gare ka ba, na ji kamar ni ce nake rashin kunyar. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya miƙo hannu ya karɓi takardar, ya daɗe yana kallon layin nan ɗaya, ya ce tun da aka haife shi bai taɓa ganin sunansa da rubutunka ba. Ya ninke ya sa a aljihun gaba, bai mayar min ba. Washegari ina shara, shi ya riga ni, ya ce Surayya an tashi lafiya.

Mai dubawa ya amsa. Ya yarda cewa awon gangarar katanga sabon abu ne, ya janye babban ƙorafinsa. Saura wasu ƙananan wurare biyu da ya ce a gyara lafazi, Madam Pan ta ce wannan share fage ne kawai, kuma sashe ya amince ya kare digirinsa a kan haka, za a ƙara masa biza. A ɗaya daga cikin wuraren ma Yaya ya ce mai dubawa ne bai fahimta ba, ya zauna a ranar ya rubuta masa, ba yabo ba kewaye.

Farfesa har yanzu ba ya sakin fuska. Amma shekaranjiya wani ɗalibi ya dawo mana da kula, a wanke, cike da lemo, da saƙon baki cewa Yaya ya zo aji ranar Litinin ya koya wa yara awon da kansa.

Ina da roƙo ɗaya, Baffa. A Fabrairu zan dawo gida saboda jarrabawata, kuma ko ba don haka ba, gwiwoyina sun gaji da durƙuso a falo. Na rubuta adireshinsa da manyan baƙaƙe a bayan wannan takarda. Tun da hannunka ya iya sunan, ta gaba shi za ka aika wa.

'Yarka,
Surayya